Farfelar Jirgin Yaƙi

A farkon shekarar 1940, sa'ad da Yaƙin Hitila bai wuce 'yan watanni da farawa ba, wani matuƙin jirgin sama na Ingila mai suna Douglas Bader ya hau jirginsa, samfurin Spitfire, zai tashi. Shi wannan mutum gwani ne na ƙwarai. Tun cikin shekarar 1931 ya rasa ƙafafunsa duka biyu a haɗarin jirgi, aka yi masa na ƙarfe, amma saboda ƙwarewarsa da nacinsa aka yarda ya koma tuƙi da yaƙi ya tashi. A ran nan ya ba inji wuta, jirgi ya sheƙa bisa fili, ya yi ta gudu, amma ya ƙi ɗagawa, har fili ya ƙare masa ya yi karo. Jirgin ya lalace, ƙafafunsa na ƙarfe suka lanƙwashe, shi kuwa Allah ya yi da sauran kwanansa.

Da aka bincika sai aka tarar babu abin da ya sami injin, mai kuma bai ƙare ba. Abu ɗaya ne tak ya faru: matuƙin ya manta bai juya farfelarsa zuwa inda ya kamata ta kasance a lokacin tashi ba. Kafin a gane yadda mantuwa irin wannan za ta kā da gwani, sai an san aikin farfela tukuna.

Farfela da lomarta

Farfela ita ce fankar nan da ke juyawa a hancin jirgi. Tana da rassa biyu ko uku ko fiye, kowane reshe kuwa ba a miƙe sak yake ba, a karkace yake. Saboda wannan karkata, in ta juya sai ta kamo iska ta tura ta baya, jirgi kuwa ya yi gaba, kamar yadda sukurun kafinta ke nutsewa cikin katako in ana murɗa shi. In karkatar kaɗan ce, iskar da reshe ke kamowa a kowane juyi kaɗan ce, watau ƙaramar loma ke nan. In karkatar ta yi yawa, babbar loma ke nan.

Duk wanda ya taɓa hawan keke mai giya uku, ko ya zauna kusa da direban babbar mota, ya riga ya san asirin wannan al'amari. Mota in za ta tashi da kaya, ko za ta hau tudu, giya ta ɗaya ake sa mata, inji ya yi ta juyi da sauri, ƙafa na juyawa a hankali amma da ƙarfi. In ta hau miƙaƙƙen titi sai a sa babbar giya. Wanda ya nemi tayar da mota da babbar giya, injin zai shaƙe. Wanda kuma ya dinga gudu da giya ta ɗaya, zai ƙone injinsa bai je ko'ina ba. To, ƙaramar loma ita ce giya ta ɗaya ta jirgin sama, babbar loma kuwa ita ce babbar giya. Bader ya nemi tashi ne da babbar giya.

Injin Spitfire da na ɗan'uwansa Hurricane iri ɗaya ne, sunansa Merlin, ƙirar kamfanin Rolls-Royce. Yana da silinda 12, a farkon yaƙi kuma ƙarfinsa ya kai na doki 1,030. Amma ba ya ba da wannan ƙarfi duka sai yana juyi wajen sau 3,000 a minti ɗaya. In ya gaza haka ƙarfinsa ya ragu, in kuwa ya zarce da yawa yana iya fashewa. Ita farfela ba ta bin wannan gudu, akwai giya tsakaninta da inji wadda ke rage juyinta ya koma ƙasa da rabi, gama in bakin reshe ya kusa kai saurin ƙara, ƙarfin sai ya tafi a ruri kawai. Saboda haka matsalar da ta dami masu ƙira ita ce, ƙaƙa za a yi inji ya tsaya a kan juyin da ya fi so, ko jirgi na tashi, ko yana hawa, ko yana sukuwa, ko ya sunkuyo ƙasa?

Daga katako zuwa ƙarfe

Spitfire ya fara tashi ran 5 ga Maris 1936, aka ba mayaƙa shi cikin Agusta 1938. Waɗanda aka fara ƙerawa farfelar katako gare su, mai reshe biyu, an sassaƙa ta da karkata ɗaya wadda ba ta canjawa. Da yake gudu ake nema a jirgin yaƙi, sai aka sassaƙa ta da babbar loma. A sama jirgin yakan yi wajen mil 360 a sa'a, amma a ƙasa nauyin jiki gare shi, sai ya yi gudun yadi 420 kafin ya ɗaga. Misalinsa kamar keken da aka ɗaure a babbar giya ne.

A Amirka kuwa an riga an sami dabara. Wani injiniya mai suna Frank Caldwell, na kamfanin Hamilton Standard, ya ƙera farfelar ƙarfe wadda rassanta ke iya murɗawa a gindinsu jirgi yana cikin tafiya, har aka ba da babbar lambar girma ta sha'anin jiragen sama ta shekarar 1933 saboda ita. Kamfanin de Havilland na Ingila ya sayi izinin ƙera irinta. Daga Spitfire na 78 sai aka fara sa wannan farfela mai reshe uku da loma biyu. Matuƙi yana da maɓalli guda. In ya sa shi waje ɗaya, man inji ya shiga wata 'yar silinda a cibiyar farfela ya murɗa rassa zuwa ƙaramar loma. In ya mai da shi ɗaya wajen, mai ya fice, wasu dunƙulallun ƙarafa da ke gindin rassa su ja su zuwa babbar loma. Da wannan gudun tashi ya ragu zuwa yadi 320.

An ci gaba, amma da sauran aiki. Giya biyu ce kurum, ta ɗaya da ta ƙarshe, babu ta tsakiya. A wajen hawa sama, ƙaramar loma ta yi wa inji kaɗan, babbar ta yi masa yawa. Ga kuma haɗarin mantuwa, irin wanda ya sami Bader.

Aikin hannun hagu

Farfela kuwa ba ita kaɗai matuƙi ke kula da ita ba. Hannunsa na dama yana riƙe da sandar tuƙi, inda maɓallin bindiga yake. Ƙafafunsa suna kan matakan da ke juya wutsiya. Sauran aiki kusan duk na hannun hagu ne.

Da fari akwai totur, wanda ke buɗe wa inji hanyar iska da fetur. A jirgin yaƙi aikinsa ya fi na mota wuya, domin iska tana raguwa in an yi sama. A tsawon ƙafa 18,000 nauyinta bai wuce rabin na ƙasa ba, inji kuwa numfashi yake yi kamar mutum. Saboda haka aka haɗa masa wata fanka a ciki wadda ke dannan iska cikin silinda, kamar zugazugin maƙeri. Akwai agogo a gaban matuƙi mai nuna ƙarfin wannan zuga da laba. Iyakar da aka yanka wa Merlin da fari ita ce laba shida da kwata, gama in zuga ta yi yawa fetur yakan fashe tun lokacinsa bai yi ba, inji ya kama ƙwanƙwasa, fistin ya ƙone.

A farkon 1940 aka sauya wa jiragen faɗa na Ingila fetur, daga mai lamba 87 zuwa mai lamba 100, wanda ya fi jure zuga. Da shi aka yarda matuƙi ya kai laba 12 in rai ya yi halinsa, ƙarfin inji ya tashi zuwa wajen doki 1,300, amma na minti biyar kaɗai. Wanda ya yi haka kuwa wajibi ne ya faɗa in ya sauka, don makanikai su duba injin.

Na biyu akwai libar gauraya, wadda ke ƙayyade yawan fetur da za a cuɗa da iska. In ana neman ƙarfi sai a yawaita fetur, in ana tafiya mai nisa sai a rage don tattali. Na uku akwai libar da ke buɗe ƙofar lagireto, don kada ruwan inji ya tafasa. A Spitfire na farko har ƙafafun jirgi da famfon hannu ake naɗe su, famfon kuwa yana dama, sai matuƙi ya mai da sanda hannun hagu tukuna. Shi ya sa akan gane sabon matuƙi tun daga nesa, jirginsa na tashi yana sunkuyo yana ɗagowa.

Waɗannan abubuwa kuma da tsarinsu. In za a ƙara ƙarfi, sai a fara yawaita fetur, sa'an nan a ƙara juyin inji ta wajen rage loma, kāna a tura totur. In za a rage ƙarfi sai a bi ta baya, totur ne farko. Wanda ya saɓa wannan tsari, ya danna zuga mai yawa alhali inji na juyi a hankali, kamar wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Duk wannan kuwa yaro ɗan shekara ashirin ne zai yi shi, yana waiwaye yana duban rana, gama mafi yawan waɗanda aka harbo ba su ga wanda ya harbo su ba. Idon da ke kan agogo ba ya kan abokin gaba, taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Fafe gora ranar tafiya

Maganin matsalar loma wata 'yar na'ura ce da ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba, wadda ake kira gwamnan farfela. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi waɗanda inji ke juyawa, da wayar ƙarfe mai tsalle wadda ke danne su. In jirgi ya sunkuyo ƙasa, inji ya fara zarce gudu, ƙarafan nan sai su buɗe waje su rinjayi wayar, su motsa wata 'yar ƙofar mai, rassa su murɗa zuwa babbar loma, inji ya sami nauyi ya koma daidai. In jirgi ya ɗaga kai zai hau, inji ya fara gajiya, wayar ce ke rinjaya, loma ta ragu, inji ya sami sauƙi. Abin da matuƙi zai yi kawai shi ne ya zaɓi juyin da yake so da liba ɗaya, 3,000 don tashi da faɗa, ƙasa da haka don tafiya. Daga nan gwamna ke canja giya da kansa, ba kuma giya biyu ba, duk abin da ke tsakaninsu.

An san wannan na'ura tun kafin yaƙi, wasu jiragen Ingila kaɗan ma suna da irinta ta kamfanin Rotol. Amma mafi yawan Spitfire da Hurricane ba su da ita sa'ad da aka yi faɗan Faransa cikin Mayu 1940. Da aka kwashe sojan Ingila daga Dankirk, aka gama ran 4 ga Yuni, matuƙa suka komo suna cewa jirgin Jamus, Messerschmitt 109, yana fin su hawa. Shi farfelarsa lantarki ke murɗa ta, tana tsayawa a kowace loma da matuƙi ya so, akwai kuma wani ma'auni mai kama da agogo da ke nuna masa inda take. Sai dai shi ma da hannu ake yi, sai can ƙarshen shekarar aka fara sa masa mai yi da kanta.

Ran 9 ga Yuni wani hafsan injiniya na sansanin Hornchurch, kusa da Landan, ya buga wa kamfanin de Havilland waya, ya tambaya ko za a iya sa wa Spitfire ɗaya gwamna don gwaji, ba tare da dogon rubuce-rubuce ba. Cikin 'yan kwanaki aka yi. Da aka gwada, gudun tashi ya sauko zuwa yadi 225. Hawan ƙafa 20,000, wanda dā ke cin fiye da minti 11, ya koma ƙasa da minti 8. Ran 22 ga Yuni, ranar da Faransa ta sa hannu a takardar saduda, aka umarci kamfanin da baki ya juya dukan jiragen faɗa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a nan dole ta sa aka yi. Injiniyoyin kamfanin suka zuba kaya a motoci suka bazu sansani sansani. In sun isa wuri sai su zaɓi makanikan soja masu hannu, su juya jirgi na farko makanikai na kallo, na biyu su yi tare, na uku makanikai su yi su kuwa suna duba, sa'an nan su wuce gaba. Da rana jirage na sintiri, da dare ana kwance su. Ran 10 ga Yuli faɗan sararin Ingila ya fara, aiki bai tsaya ba. Zuwa tsakiyar Agusta, daidai lokacin da Jamus ta sako dukan ƙarfinta, an juya jirage 1,051.

Ba za a ce wannan na'ura ce kaɗai ta ceci Ingila ba. Akwai na'urar hango jirage daga nesa, akwai sabon fetur, akwai kuma jaruntakar matuƙa. Amma amfanin a hango abokin gaba shi ne a riga shi hawa, gama a faɗan sama wanda ke bisa shi ke zaɓen lokacin da zai auka. Minti ukun nan da gwamna ya rage, sau da yawa su ne tsakanin mai harbi da wanda aka harba.

Wani aibi ya saura wa Merlin. In matuƙi ya tura hancin jirgi ƙasa farat ɗaya, fetur yakan tashi sama a cikin kafireto, inji ya ɗauke na ɗan lokaci. Injin Jamus ba ya haka, domin famfo ke fesa masa fetur kai tsaye cikin silinda. Wata injiniya mai suna Beatrice Shilling ce ta rage wannan aibi da ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, wanda aka bi sansani ana sa wa jirage a farkon 1941.

Liba ɗaya

Jamusawa ba su zauna ba. Cikin 1941 suka fito da sabon jirgi, Focke-Wulf 190, ƙirar Kurt Tank, wanda ya yi aikin sojan doki a yaƙin farko. Nufinsa shi ne ya yi dokin aiki mai jure wahala, ba dokin sukuwa ba. Injin jirgin, BMW 801, yana da wani akwati wanda sunansa da Jamusanci ke nufin na'urar ba da umarni. Matuƙi liba ɗaya yake turawa, akwatin nan ya daidaita zuga, da gaurayar fetur, da lokacin kunna wuta, da lomar farfela, da giyar zugazugi, duk a tare. Yana da nasa aibi, gama wani lokaci yakan canja giyar zugazugi ba zato ya fizgi jirgi. Duk da haka ya sauke wa matuƙi kaya mai yawa. Cikin Yuni 1942 wani matuƙin Jamus ya ɓata hanya ya sauka da irin wannan jirgi lafiya lau a wani filin Ingilishi, suka kwance shi suka duba. Daga baya su ma suka haɗa totur da libar farfela a wasu Spitfire na ƙarshe.

Amma libobi da yawa suna da ranarsu a hannun wanda ya san su. Cikin 1944 Charles Lindbergh, mutumin da ya fara ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai ba tsayawa a 1927, ya je wurin matuƙan Amirka masu jirgin P-38 a tsibirin Sabuwar Gini. Ya nuna musu cewa in suka sauke juyin inji zuwa 1,600, watau babbar loma, suka rage fetur a gauraya, suka ɗan ƙara zuga gwargwadon abin da inji zai ɗauka, mai zai kai su nesa ƙwarai fiye da dā. Da fari makanikai sun ji tsoro injuna za su lalace, da aka buɗe aka duba sai aka tarar lafiya suke.

Ta sararin Kano

Wannan ilmi na tattalin mai ya yi aiki a bisa ƙasar Hausa ma. Da Italiya ta shiga yaƙi ran 10 ga Yuni 1940, hanyar Bahar Rum ta yi wuya, sai Ingilishi suka riƙa kawo jirage a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. A can ake haɗa su, su taso ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, su bi ta Chadi da Darfur zuwa Hartum, sa'an nan su bi kogin Nilu har Masar, tafiyar fiye da mil 3,500. Ayari na farko ya tashi cikin Satumba 1940, Hurricane shida suna bin wani babban jirgi samfurin Blenheim wanda ke yi musu jagora. Zuwa 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya.

Hurricane jirgin gajeren zango ne, an yi shi don ya tashi ya yi faɗa ya komo. Saboda haka aka ƙara masa tankunan mai, aka sa masa matacin ƙura a ƙarƙashin hanci. Tsakanin zango da zango daji ne da rairayi, wanda mansa ya ƙare kuwa ba lalle a same shi ba. Matuƙin da zai tashi daga filin Kano da zafin rana sai ya sa ƙaramar loma, ya yawaita fetur, ya tura totur, inji ya yi ƙara mai kaifi. In ya daidaita a sama ya fuskanci gabas, sai ya janye totur, ya sauke juyi, ya rage gauraya, ƙarar ta koma gurnani. Manoman da ke gona a kan hanyar Maiduguri sun sha jin wannan canjin murya, ko da ba su san dalilinsa ba. Mutanen Nijeriya kuma sun tara kuɗi don sayen jiragen yaƙi, har aka sa wa rukuni na 91 na mayaƙan saman Ingila, masu tuƙa Spitfire, sunan Nijeriya.

Cikin 1944 jiragen faɗa masu injin jet, waɗanda ba su da farfela, suka shiga yaƙi a Jamus da Ingila, bayan 'yan shekaru kuma suka gaje fagen. Amma gwamnan farfela bai mutu ba, har yanzu yana aiki a jiragen fasinja da na kaya masu farfela. Shi kuwa Douglas Bader, bayan haɗarin nan ya shugabanci rukuni na 242 masu Hurricane a faɗan sararin Ingila. Jamusawa suka kama shi a Faransa cikin Agusta 1941, ya zauna a hannunsu har 1945, ya rasu a 1982.